LAFIYA UWAR JIKI: Kumburin Gwiwa Ya Sace, Amma Ba a Rabu da Bukar Ba

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani malamin makaranta mai shekara 38. Ya ce yana ɗan shekara 23 ya murguɗe gwiwarsa ta dama a filin ƙwallo. Ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi da sauri, sai ya ji wani abu ya yi ƙas daga ciki. Kafin magariba gwiwa ta kumbura suntum. Aka kai shi wurin maɗori, aka ja, aka shafa magani, aka ɗaure. Bayan mako uku kumburi ya sace, ya koma ƙwallonsa. Yau shekara 15 ke nan, ga shi ba ya iya durƙusawa sai da ƙyar, in ya tashi da safe kuwa gwiwar a sage take. Tambayarsa ita ce, shin sanyi ne ya kama shi, ko kuwa tsohon targaɗen ne ya dawo?

To, Malam, ba mu ga gwiwarka ba, hukunci kuwa na likitan da ya duba ne. Amma labarinka sananne ne ƙwarai ga likitocin ƙashi, kuma ya isa mu tsaya a kansa.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gicciya juna. Ta gaba daga cikin masu gicciyen nan, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ita ce ke hana ƙwauri zamewa gaba, ita ce kuma ta fi tsinkewa sa'ad da mutum ya dasa ƙafa ya juya. In ta tsinke jini yakan zuba cikin gaɓar, shi ya sa kumburinta ba ya jiran gobe. Tun a 1980 wasu likitoci a Amurka suka leƙa cikin gwiwoyin da suka cika da jini bayan rauni, suka tarar kimanin bakwai daga cikin goma jijiyar nan ce ta yage. Saboda haka gwiwar da ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan ba ta cancanci a ce mata targaɗe kawai ba.

Mene ne kumburin nan? Galibinmu mun ɗauke shi ruwa ne ya taru, in ya janye shi ke nan. Alhali kuwa aiki ne jiki ke yi. Da zarar an sami rauni, jiki yakan tura ƙwayoyin jini masu faɗa da cuta, su kuma su zuba waɗansu sinadarai, irin su intalukin, don a share abin da ya lalace a fara gyara. A fata ko tsoka wannan alheri ne. A cikin gwiwa kuwa akwai wanda ake takawa a wurin faɗan, watau guringuntsi, farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kan ƙasusuwa. Sinadaran kumburi sukan tayar da waɗansu masu narkar da kayan ginin guringuntsi, har akan sami ɓarɓashinsa a ruwan gwiwa cikin makonnin farko. Bugu da ƙari, wani maiƙo da ake kira lubirisin, wanda ke sa ƙashi ya zame bisa ƙashi ba gogayya, yakan ragu, ya yi watanni bai koma yadda yake ba. Kwatancinsa injin niƙa ne da aka bari yana aiki bayan baƙin mai ya yi ƙasa.

Abin da ya sa al'amarin ke ɓoyuwa shi ne guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, ba shi kuma da jijiyoyin jin zafi. Rashin na farko ya hana shi warkewa sosai, rashin na biyu ya hana shi yin ƙara. Wani likita a Landan, William Hunter, ya lura tun a 1743 cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa. Yau an fi shi sani nesa ba kusa ba, amma maganarsa ba ta faɗi ba. Mutum sai ya shekara goma yana tafiyarsa lafiya lau, guringuntsi na siracewa a hankali, sai ranar da ƙashi ya fara cin ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai na zaizayewa, wanda muka saba ɗora wa tsufa ko sanyi.

Mutanen jami'ar Lund a ƙasar Suwidin sun bi diddigin wannan sosai. A 2004 suka ba da labarin mata 'yan ƙwallo da jijiyar nan ta tsinke musu shekara 12 baya: kashi 51 bisa ɗari hoton ƙashi ya nuna amosani a gwiwarsu, alhali yawancinsu ba su wuce shekara talatin da 'yan kai ba. A maza 'yan ƙwallo, bayan shekara 14, an sami kashi 41. Wanda raunin ya haɗa da gammon gwiwa, watau faifan guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan, shi ya fi shiga haɗari, balle in an yanke gammon an fitar.

Mai karatu zai ce, ai sai a yi tiyata a huta. Haka mutane da yawa suka zata. Amma a Lund ɗin dai aka raba matasa 121 gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu tiyata da wuri tare da gashi da motsa jiki, ɗaya kashin aka fara da gashi da motsa jiki kaɗai, sai wanda gwiwarsa ta ƙi tsayawa a yi masa aiki daga baya. Sakamakon da aka buga a 2010, da na shekara biyar da ya fito a 2013, bai nuna bambancin kirki ba, ko wajen jin daɗin gwiwar ko wajen amosani, kuma kusan rabin kashi na biyu ba su bukaci wuƙa ba. Har ma an gano cewa tiyatar kanta rauni ne na biyu, tana tsawaita zaman sinadaran kumburi a cikin gaɓar. Kada a fahimce mu a baibai. Tiyata tana da amfani babba ga wanda gwiwarsa ke yawan ƙwacewa, don kowace ƙwacewa na iya yaga gammon. Abin da ba ta yi shi ne ba da tabbacin tsira daga amosani.

Haka nan kada a ɗora wa kumburi laifin duka. Da aka auna alamunsa a waɗannan matasa shekara biyu bayan rauni, awon bai nuna wanda zai sami amosani a shekara ta biyar ba. Watau akwai sauran abokan ɓarna: dukan da ƙashi ya sha ranar raunin, sassautar gaɓar, ramewar tsokar cinya, da canjin takun mutum. An gwada allurai masu kwantar da kumburi a makonnin farko, amma har yanzu babu wadda aka tabbatar tana hana amosani. Yawan allurar sitiroyid cikin gwiwa ma, wani gwaji na 2017 a Amurka ya nuna tana ƙara siranta guringuntsin masu amosani in ana yin ta duk wata uku.

Ga wanda abin ya same shi yau, sai ya bar fili nan take, ya ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ya ɗaga ƙafar. Ban da ruwan zafi, ban da ja da murza a kwanakin farko. Muna girmama maɗora, amma jijiyar da ta tsinke can tsakiyar gaɓa hannu ba ya kai mata. A kuma sani hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka in an ce "ba karaya" ba a ce "ba kome" ba. Gwajin hannu na ƙwararren likita, da hoton MRI in hali ya yi, su ke fayyacewa. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, duk aikinsu ne. Wanda aka yi wa tiyata kuwa kada ya yi gaggawar komawa ƙwallo kafin wata tara, don bincike ya nuna masu gaggawa su suka fi sake tsinka ta.

Kai kuma Malam mai wasiƙa, je ka a ɗauki hoton gwiwar kana tsaye, don a ga tazarar da ta rage tsakanin ƙasusuwan. Nemi masu gashin ƙashi su koya maka ƙarfafa tsokar cinya, ka riƙa tafiya da hawan keke, don zama wuri ɗaya ƙara sagewa yake. In akwai ƙiba a rage, gama kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ƙwayoyin kashe zafi irin su dikulofenak da ake saye a kemis kuwa, kada su zame maka abin karin kumallo. Suna kwantar da ciwo, amma yawan shansu na taɓa ciki da ƙoda, sai likita ya tsara maka yawansu da kwanakinsu.