An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A zangon karatun da ya wuce na je wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati duba 'yar ƙanwata. Na tambayi ofishin malamar ba da shawara, aka nuna mini wani ɗaki a bayan ɗakin malamai. Rabinsa sito ne: karyayyun kujeru, kwalayen alli, tsintsiyoyi. Malamar ba ta ciki, tana aji uku tana koyar da darasin zamantakewa, don an ce babu malamai. Mace mai digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara!

Da ta fito muka zauna. Ta ce shekara biyu ke nan ana turo mata 'yan mata masu fashin zuwa makaranta, ta yi musu nasiha, su koma. Sai da ta zauna da rajista ta gane cewa kowace yarinya kwana uku ko huɗu take ɓacewa a wata. Dalili? Banɗakin makarantar ba ƙofa, ba ruwa. Ta kai wa shugaban makaranta maganar, ya ce: "Malama, aikinki yara ne, ba gini ba." Ta ja bakinta ta yi shiru, aka ci gaba da zane yaran.

Haushina ba a kan shugaban kaɗai yake ba. Ina jin haushin jami'o'i da kwalejojin ilimi da suka horar da ita. Sun koya mata yadda za ta saurari yaro ɗaya a cikin ɗaki, ta lallashe shi, ta riƙe sirrinsa. Madalla. To, in cutar a jikin makarantar take fa? Wa ya koya mata yadda za ta mayar da abin da ta gani a rajista hujja, ta ajiye a gaban taron malamai? Wa ya nuna mata hanyar jawo ƙungiyar iyaye da malamai, ko yadda ake gaya wa na sama gaskiya ba tare da an yi mata canjin wurin aiki zuwa ƙauye ba?

Kuma aikin ba da shawarar nan ba jiya aka fara shi ba. Tun 1959 wasu sistocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai masu fita bayanin sana'o'i. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sa shi a rubuce. Har yau a makarantu da yawa bai wuce taimaka wa yaro zaɓen kimiyya ko adabi ba, sai cike fom ɗin JAMB. A 2018 sai da BBC ta tona asirin shan kodin kafin gwamnati ta hana shi, alhali masu ba da shawara a makarantu sun daɗe suna tsintar kwalaben a bayan aji. Ba wanda ya tambaye su, su ma ba a koya musu buga ƙofa ba.

Ku shugabannin sassan ilimi a jami'o'inmu, ku sake duba manhajarku. Kada ɗalibi ya karɓi takarda sai ya shiga makaranta ta gaske, ya gano matsala guda, ya tsaya gaban hukumarta ya kare hujjarsa. Ku kuma kwamishinonin ilimi, ku karɓe allin daga hannun malamar nan, ku ba ta kujera a inda ake yanke hukunci. Banɗakin dai, har ranar da na je, ba ƙofa.