Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa: mai keke ma ɗan Jihar Katsina ne

Mai Girma Gwamna,

Ranar da aka rantsar da kai, 29 ga Mayu 2023, ita ce ranar da aka janye tallafin mai. Tun daga nan talakan Karare da ƙauyukan Batsari da Safana da yawa suka jingine babur, suka kakkaɓe tsohon keke suka kai wa mai faci. Da shi ake kai rogo kasuwa, da shi ake zuwa gona. To, ta wace hanya?

Hanyar kam tana nan. Ka fito Katsina ka yi Batsari, ka gangara Safana ta gefen Dajin Rugu, ka ɓulla Dutsin-Ma, ka dawo ta Kurfi. Burkina Faso tun 1987 take gasar tseren keke a kan titunanta. Mu a nan, mutum ya hau keke bayan La'asar a gefen Rugu, sai iyalinsa su yi ta zaman zullumi har ya dawo.

Ranka ya daɗe, mai mota yana taka wuta ya wuce. Mai babur yana iya karya kwana ya tsere. Mai keke ba ya tsere wa kowa. Ga buhu a kariya, ga yashi, ga kwazazzabo, ga ɗan bindiga a kan babur. Shi ake tarewa, shi ake ƙwace wa kaya, shi ake kaɗawa daji, kuma shi ne danginsa ba su da abin fansa sai gonar gado. Mai keke fa, ranka ya daɗe! Wanda ya bi layi cikin rana ya jefa maka ƙuri'a.

Ba ma butulci. Kai ka ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, kuma ba ka ɓoye fuskarka idan abu ya faru. Wannan mun gani. Amma sulhun da aka yi da 'yan daji a 2025, mutanen Tsauwa da Dankar da aka yi wa 'yan'uwansu kisan gilla a 2020 ba za su auna shi da jawabin rediyo ba.

Sauran buƙatun ka san su: cike ramuka, gyaran kwalbatoci kafin damina, sare duhuwar bakin titi, sintirin da ba ya tashi da Magariba.

Idan zaman lafiyar nan da gaske ne, sa a shirya tseren keke a wannan zagaye, ba rakiyar motocin soja, kwamishinoninka a sahun gaba. Idan sun ƙi hawa, don Allah a daina ce mana komai ya lafa. Lokacin neman ƙuri'a na tafe, kuma ta wannan hanyar za a biyo a same mu.

Naka,
Wani ɗan Karare