Zauren Tarihi: Bin salsala a rajistar coci, da layin da ya raba kan masana

Yau zaurenmu zai kai mu Ingila, inda mutum kan zauna gaban kwamfuta, ko ya shiga gidan adana takardun gundumarsu, ya bi sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har ya koma shekara ɗari huɗu baya, ko da kuwa talakawa ne manoma waɗanda ba maroƙin da ya taɓa yi musu kirari. Abin da ya ba su wannan dama shi ne rajistar coci.

Tun da daɗewa an kasa ƙasar Ingila ƙananan yankuna, kowane da cocinsa da limaminsa, wani ƙauye guda ne, wani kuma unguwa ce a cikin birni. A watan Satumba na 1538, Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni cewa kowane limami ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abu uku: wanda aka yi wa baftisma, waɗanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Kowace Lahadi za a yi rubutun a gaban shaida, sannan a mayar da littafin cikin akwati mai makulli biyu. Talakawa da yawa ba su yi murna ba, don sun zaci dabarar ƙaƙaba sabon haraji ce.

Takarda ba ta jure danshi da ɓera. Saboda haka a 1598 aka ce a kwafe tsofaffin bayanan cikin littattafan fata, musamman daga 1558, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Farko ta hau gadon sarauta. Masu kwafar da dama daga nan kawai suka fara, shi ya sa rajistar coci-coci masu yawa ta soma daga 1558. An kuma ce duk shekara a aika wa bishop kwafi, kuma wannan kwafin ya sha ceton masu bincike a inda gobara ko ruwa suka ci littafin asali.

To yaya ake bin salsalar? Daga kanka ake farawa, a yi baya. Ba a ɗauko wani shahararren mutum mai suna irin naku a ce bari a nemo hanyar da za ta haɗa ku; mai yin haka sai ya ƙulla wa kansa zumunci da baƙi. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila ranar 1 ga Yuli, 1837, kuma takardar aure ta wannan zamani tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu. Ƙidayar jama'a ta 1851 kuma ta nuna inda aka haifi kowa. Da waɗannan biyu mai bincike zai san cocin da zai dosa. Can zai nemo baftismar mutumin, ya ga sunan iyaye, ya nemo aurensu, daga nan ya nemo baftismar kowannensu, haka dai hawa-hawa.

Amma gwargwadon nisanka baya, gwargwadon ƙarancin bayani. Daga 1813 ne aka fara amfani da littafi bugagge mai gurbin sana'ar uba da inda yake zaune. Kafin nan, wani lokaci sunan yaro da na ubansa kaɗai za ka gani, a ƙauyen da kusan kowane gida akwai John da Mary. Iyaye kan sa wa jariri sunan wansa da ya rasu, don haka dole a duba littafin jana'iza, kada a ɗauki yaron da ya mutu yana goye a matsayin kakan wani. Limami kuma yadda kunnensa ya ji suna haka yake rubutawa, sai ka ga gida ɗaya da rubutun suna iri uku.

Ga wani tarko da zai ba masu son lissafi sha'awa. Kafin 1752, sabuwar shekara a hukumance a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Ke nan in ka ga an ɗaura aure a Afrilun 1740, aka yi wa ɗan fari baftisma a Fabrairun 1740, kada ka yi saurin zargi: wata goma ne tsakani, auren ne a gaba. Sannan ku lura ranar baftisma aka rubuta, ba ta haihuwa ba. Shakespeare da kuke karantawa a aji, abin da rajistar cocin garinsu Stratford ta nuna shi ne an yi masa baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564. Ranar 23 da ake bikin haihuwarsa kintace ne kawai.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauko wannan batu. Wasunku sun ji sunan Olaudah Equiano, bawan da ya fanshi kansa da fam 40 a 1766, ya zauna a Landan, ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1789. A littafin ya ce an haife shi a ƙasar Ibo wajen 1745, aka sace shi da 'yar'uwarsa yana ɗan shekara goma sha ɗaya, aka tsallaka teku da shi cikin jirgin bayi. Bayaninsa na azabar cikin jirgin ya girgiza Turawan zamanin, ya ƙarfafa masu yaƙi da cinikin bayi, kuma har gobe ana koyar da shi a jami'o'i a matsayin shaidar wanda ya gani da idonsa.

Sai wani farfesa Ba'amurke, Vincent Carretta, ya bi sawunsa cikin tsofaffin takardu. A rajistar cocin St Margaret da ke Westminista a Landan ya sami baftismarsa a watan Fabrairun 1759, da sunan da ubangidansa ya laƙaba masa, Gustavus Vassa. Layin ya ce yaro ne baƙar fata ɗan shekara 12, haifaffen Karolina, wato can Amurka. Ya kuma sami jerin sunayen ma'aikatan wani jirgin ruwa, Racehorse, da ya tafi yankin ƙanƙara na arewacin duniya a 1773, nan ma an rubuta Karolina ta Kudu. Carretta ya fitar da wannan a 1999, ya faɗaɗa shi a littafi a 2005.

Kun ga abin da ke kan faranti. In a Amurka aka haife shi, to labarin sacewa da na jirgi ba shi ya gani ba, tattaro shi ya yi daga bakin wasu bayi. Masana suka rabu. Cikin waɗanda suka tsaya kan cewa ɗan Afirka ne akwai Paul Lovejoy na Kanada, wanda masu karatun tarihi a nan suka sani da bincikensa kan fataucin goro na Hausawa.

Ni dai tambayar da nake so ku koya ita ce: wa ya faɗa wa mai rubutun? A 1759 Equiano yaro ne, bawan wani hafsan sojan ruwa, Michael Pascal, kuma dangin Pascal ɗin ne suka tsaya masa a coci. Da wuya a ce limami ya bar manya farare ya juya ga yaron yana tambayarsa garinsu. Don haka wannan layi, a ganina, bai da nauyin da ake ba shi. Takardar jirgi ce mai wuyar turewa, domin a 1773 ya riga ya zama ɗa, baligi, mai iya magana da bakinsa. Masu kare shi na cewa baƙin mutum mai yawo a teku a lokacin yana da dalilin ɓoye cewa daga Afirka aka kawo shi. Hujja ce mai ma'ana, amma ba takarda ba ce. Wani abin lura kuma, binciken Carretta da kansa ya gaskata Equiano a mafi yawan abin da ya faɗa game da jiragen da ya yi aiki da wuraren da ya je. Na fi karkata ga maganar mai littafin, sai dai duk ɗalibin da zai kare wannan ra'ayi a muhawara dole ya ambaci takardun nan biyu, kada ya yi kamar babu su.

Inda rajistar coci ta yi aikinta ba gardama shi ne kan iyalinsa. Ta nuna ya auri wata Baturiya, Susannah Cullen, a garin Soham kusa da Kambirij ranar 7 ga Afrilu, 1792. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, Anna Maria a 1793 da Joanna a 1795. Uwar ta rasu a 1796, shi ya bi ta ranar 31 ga Maris, 1797, babbar 'yar ma ta rasu a wannan shekarar tana 'yar shekara huɗu ba cika ba. Joanna ce ta rayu, ta gaji fam 950 da ta cika shekara 21, ta auri wani fasto mai suna Henry Bromley a 1821, ta rasu a 1857, kabarinta na maƙabartar Abney Park a Landan. Nan ba wanda ke musu, saboda limamin da ya ɗaura auren ko ya binne gawar abin da ya faru a gabansa ya rubuta. Wurin haihuwa kuwa ji ya yi.

Aikin wannan makon: ku sami littafin rubutu, ku fara da sunanku, ku yi baya iyakar inda tsofaffin gida za su kai ku, ɓangaren uba da na uwa. A gefen kowane suna ku ja layi biyu. A na farko ku rubuta wanda ya faɗa muku, a na biyu ku rubuta ko ya san mutumin ido da ido ne ko shi ma labari ya ji. In kaka da kawu suka saɓa kan garin da kakan-kakanku ya taso, ku rubuta duka biyun, ku sa ranar da kuka yi tambayar.