Gida da Zamani: Kafin A Sayi Na'urar Intanet da Rumbun Ajiya

Yau za mu duba wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin magidanta, a nan Domayo da sauran unguwannin Marwa har zuwa Garwa: wace na'urar rarraba intanet ya kamata a saya wa gida, kuma ina ya dace a riƙa adana hotuna da takardun iyali? Amsarmu a taƙaice ita ce, a yi sayayyar da la'akari da wutarmu da zafinmu da ginin gidajenmu, domin abin da aka rubuta a jikin kwali an rubuta shi ne da wasu ƙasashe a zuciya.

Mu fara da na'urar rarrabawa, wadda 'yan kasuwa ke kira rauta ko modem. Aikinta shi ne ta karɓi intanet daga waje ta raba wa wayoyi da kwamfutocin gida ta hanyar wifi. Gidan da wayar Camtel ta kai ƙofarsa, kamfanin ne zai kawo na'urar da ta dace da layinsa. Amma galibin gidajenmu da katin layi suke aiki, tun da MTN da Orange suka fara 4G a ƙasar nan a shekarar 2015. Don haka tambaya ta farko ga mai shago ita ce: na'urar nan tana karɓar layin kowane kamfani, ko an kulle ta a kan guda ɗaya? Wadda aka kulle takan fi araha, sai dai ranar da layin ya yi rauni a unguwa, maigida ba shi da mafita. Kafin a fitar da ko sisi, a ari wayoyi masu layuka daban-daban a gwada su a ɗakin da za a ajiye na'urar, da safe da kuma bayan isha'i, lokacin da jama'a suka fi yin cunkoso a kan layi. Layin da ya yi ƙarfi a gidan maƙwabci yana iya yin sanyi a namu.

Abu na biyu shi ne bango. Wifi na gida yana tafiya ne a kan zango biyu, 2.4 da 5. Zangon 5 ya fi sauri, amma bango biyu na bulo ko katangar ƙasa mai kauri sun isa su karya shi. Zangon 2.4 bai kai shi gudu ba, amma ya fi ratsa gini. A gida mai zaure da sassa da yawa, a nemi na'ura mai zangon biyu, a rataye ta a sama a tsakiyar gida cikin inuwa, nesa da ƙofar ƙarfe da rufin kwano. Idan sashen uwargida ko na samari yana da nisa, jan waya zuwa na'ura ta biyu ya fi sayen mai eriya takwas.

Sai batun wuta, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, duk da haka kowa ya san yadda wuta ke yi idan ruwa ya ja baya da bazara. Abin farin ciki shi ne rauta ba ta da ci: yawancinsu da bolt 12 suke aiki, kuma abin da suke ja bai cika wuce wat 10 ba. Ƙaramin batiri irin wanda ake haɗawa tsakaninta da soket yana riƙe ta sa'o'i da dama, kuma gidan da ke da faifan hasken rana ba zai ji nauyinta ba. A tuna cewa dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna, haka ma tsawa da damina. Na'urar daidaita wuta tana cikin lissafin sayayya tun daga farko.

Yanzu ga rumbu. A yawancin gidajenmu, hotunan suna da na aure, da muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, da karatun malamai da aka naɗa, duk suna cikin waya ɗaya a aljihun mutum ɗaya. Ranar da ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya zare ta a kasuwa, shi ke nan. Wasu sun dogara da ajiyar Google, amma giga 15 kacal ake bayarwa kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android a cikin wannan kason ake lissafa ta. Ban da haka, ɗora bidiyo zuwa can yana cin data, kuma sai da intanet ake kaiwa gare shi. Ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a ƙasashe da dama har da Kamaru. Abin da ke rumbun gida kuwa, wifi kawai yake buƙata, ko da babu data ko ɗaya.

Hanyoyi biyu ne. Mai sauƙin ita ce a sayi rauta mai ƙofar USB wadda ke iya raba fayil, a jona mata faifan ajiya. A tabbatar da wannan a shago, domin wasu ƙofofin caji kawai suke yi. Faifai mai tera 1, wato giga 1,000, yana ɗaukar hotunan waya kusan 200,000, wanda ya ishi yawancin iyalai. Hanya ta biyu ita ce akwatin da ake kira NAS, ƙaramar kwamfuta mai faifai biyu da ke rubuta abu guda a kan kowannensu, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Ya dace da ɗan kasuwa mai lissafi da yawa ko makaranta. Sai dai yana da tsada, yana son wuta mara yankewa, kuma yawancin masu ƙera shi sun ƙayyade masa zafin ɗaki da bai wuce digiri 40 ba. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Marwa ya san ana wuce haka. Wanda ba shi da ɗaki mai iska, da halin kakkaɓe ƙurar hunturu a kai a kai, gara ya tsaya a hanya ta farko.

Ko wace aka zaɓa, akwai gargaɗin da ya fi duk abin da muka faɗa nauyi: faifai biyu a akwati ɗaya, gobara ɗaya ce ke cinye su, ɓarawo ɗaya ne ke ɗauke su. Ambaliyar 2024 a Yagwa da yankin Logon da Shari ta nuna mana yadda ruwa ke shafe gida da abin da ke cikinsa a dare ɗaya, kuma mun san wahalar sake neman takardar haihuwa ga yaron da jarrabawa ta ƙarato masa. Saboda haka a ɗauki hoton takardun haihuwa, da na makaranta, da na fili, da na aure, a ajiye su wuri uku: a waya, a rumbun gida, sannan a wani faifai dabam a hannun ɗan'uwa amintacce a wata unguwa ko a Garwa. A riƙa sabunta shi duk sallah, a kuma buɗe a gani ko yana aiki. Hoton ba ya maye gurbin takardar asali a ofis, amma lambarta da kwanan watanta suna rage wa mai nema zirga-zirga.

Daga ƙarshe, rumbu amana ne, domin a ciki akwai hotunan matan gida da sirrin iyali. A canja kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko, a zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Baƙo da maƙwabci suna da haƙƙi, kuma yawancin na'urori suna da layin baƙi wanda ke ba su intanet ba tare da sun ga abin da ke rumbu ba. A yi wa kowane sashe na gida ma'ajinsa da kalmarsa, kuma kada a kai faifai wurin gyara a tafi a bar shi. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida.

Allah ya tsare mana gidajenmu da abin da ke cikinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.