Gwiwar da za ta durƙusa

Idan matashi ya tsinka jijiyar tsakiyar gwiwarsa a filin ƙwallon Mahuta, likita kan yanko wata daga jikinsa ya dasa masa. Ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ta fi riƙo, domin ƙashi ke haɗewa da ƙashi, amma takan bar ciwo daidai wurin durƙuso. Ta bayan cinya ba ta cika yin haka ba, sai dai ta ɗan fi saurin sake tsinkewa ga matasa 'yan wasa.

A ganina, ko a asibitin ƙashi na Dala za a yi aikin, a fara tambayar majiyyaci yadda yake wuni. Farillai kaɗai sujada 34 ne kullum. Ga mai durƙuso a coci, ga bakaniken da gwiwarsa ke ƙasa tun safe.