MAI TSARON GIDA ƊAN CI-RANI

 Maganar da na kawo ta ƙwallon ƙafa ce, amma ina roƙon iyaye da 'yan'uwana malamai kada su yi saurin juya shafi, gama da su ma nake.

Mu mutanen ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa babu mai koya mana mene ne ci-rani. Da zarar an kai masara gida an tsince auduga, sai samari su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Kaduna ko Abuja ko Legas, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa. To, akwai wata sana'a wadda ci-raninta yakan kai shekara ashirin, watau tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Abin dariya ne a sunan kansa, domin mai tsaron gida shi ne wanda ya fi kowa daɗewa bai ga gidansu ba.

Bari in ba ku misali da maƙwabcinmu, Kassaly Daouda na Jamhuriyar Nijar. An haife shi a Dosso a shekarar 1983. Ya fara da kulob-kulob na birnin Yamai, har da Sahel, sa'an nan ya ƙetara zuwa Garwa a arewacin Kamaru, ya shiga Cotonsport. Wannan kulob na kamfanin audugar ƙasar ne, saboda haka ɗan Funtuwa in ya je can ba zai ji baƙunta sosai ba. A shekarar 2008 Cotonsport ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, ta gamu da Al Ahly ta Masar, aka ci su 2 da nema a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a Garwa, kofi ya tafi Masar. Daga nan aka ba da aron Kassaly ga Rapid ta birnin Bukares a ƙasar Romaniya. Bai daɗe ba ya komo Garwa. Ya sake ɗaukar jaka ya tafi Chippa United a Afirka ta Kudu, ya komo Nijar, daga baya kuma ya zo nan jiharmu ya tsare wa Katsina United gida. Ku ƙirga da kanku: Nijar, Kamaru, Romaniya, Afirka ta Kudu, Nijeriya. Ƙasa biyar ke nan, kowace da harshenta da abincinta da irin sanyinta.

Duk wannan yawo da yake yi, shi ne golan ƙasarsa. A zamaninsa ne Mena, watau ƙungiyar ƙasar Nijar, ta doke Masar 1 da nema a Yamai cikin watan Oktoba na 2010, alhali kuwa Masar ce take riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. A zamaninsa ne Nijar ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka a 2012, ta sake zuwa a 2013. Abin da ya faru a 2013 ɗin shi nake so ɗalibai su lura da shi. Ranar 20 ga Janairu, a birnin Port Elizabeth, Nijar ta riƙe Mali har saura minti shida a tashi. Aka bugo ƙwallo daga gefe, Kassaly ya fito zai kama ta kuɓuce masa, Seydou Keita ya zura ta a raga. Shi ke nan, aikin minti tamanin ya bi ruwa. Bayan kwana huɗu kacal mutumin nan ya sake tsayawa a bakin raga gaban Kwango, ya tare duk abin da suka bugo, aka tashi babu ci. Makin nan guda shi ne na farko da Nijar ta taɓa samu a gasar. Ni a wurina kwana huɗun nan da ke tsakanin wasannin biyu sun fi wasannin kansu daraja. A ciki ne mutum ya kwana da kuskurensa, ya ji duk abin da ake faɗi a kansa, ya kuma tashi ya sake sa safar hannu.

Me ya sa masu tsaron gida suke yawo haka? Lissafi ne mai sauƙi, ko ɗan aji ɗaya zai iya. A cikin mutum goma sha ɗaya, gurbi ɗaya tak ne na gola. Ɗan baya in bai sami wuri a dama ba sai a gwada shi a hagu, ɗan gaba kuma ko minti goma na ƙarshe aka ba shi zai iya nuna kansa. Gola kuwa ba a cika canja shi a tsakiyar wasa ba sai in ya ji ciwo ko an kore shi. Kulob yana ajiye gola uku, ɗaya ne yake wasa, biyu suna ɗumama benci, wani lokaci shekara guda cur. Wanda ba ya so hannunsa ya yi tsatsa dole ya nemi inda raga take babu mai ita, ko da a bangon duniya ne.

Marigayi Peter Rufai, wanda ake wa kirari da Dodo Mayana, ya sha wannan. Mu da muke yara a lokacin muna ganinsa a talabijin sanye da rigar Nijeriya, muna zaton sarki ne a duk inda yake. Ya ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994 bayan an doke Zambiya 2 da 1, ya tsare mana gida a gasar cin kofin duniya ta 1994 da ta 1998. Amma ku dubi hanyar da ya bi wajen neman abincinsa. Ya tashi daga Stationery Stores ta Legas zuwa Femo Scorpions, ya tsallaka Jamhuriyar Benin wurin Dragons, ya tafi Beljiyam ya zauna a Lokeren da Beveren inda benci ya fi raga saninsa, ya wuce Go Ahead Eagles ta Holan. Sai a Farense ta Fotugal ya sami wurin da ya tsaya da ƙafafunsa sosai, har kulob ɗin ya sami shiga gasar Turai karo na farko. Daga can ya tafi Sifen, Hércules da Deportivo, inda ya sake zama mataimaki a bayan Jacques Songo'o ɗan Kamaru, ya ƙare a Gil Vicente. Kulob goma a ƙasa shida. Ya rasu a watan Yuli na 2025 yana da shekara 61.

Sa'ad da Denmak ta yi mana 4 da 1 a Faransa a 1998, a kan Rufai mutane da yawa suka ɗora laifin, kamar sauran mutum goman sun tafi kasuwa ne. Laifi tudu ne. A gasar nan ɗaya kuwa mun yi ta tsalle muna murna da masifar wani golan. Garba Lawal ɗan Kaduna ya buga ƙwallo daga gefen hagu, Andoni Zubizarreta na Sifen ya sa hannu ya karkata ta cikin ragarsa, muka ci su 3 da 2. Mutumin da ya yi wa ƙasarsa wasa 126, yau in ka ambaci sunansa a Nijeriya ƙwallon nan guda kaɗai ake tunawa.

Akwai masu cewa ɗan wasan da ya zaga kulob goma bai yi nasara ba, da yana da kirki da wani ya riƙe shi. Har su kawo karin maganar nan, wai kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ban yarda da su ba. Kulob goma da suka ɗauki mutum, koci goma ke nan suka gwada shi suka ga ya cancanci albashi. Wanda ba shi da kirki ba ya kai kulob na uku. Kuma wa ya san inda rabo yake jira? Stanley Nwabali ya bi ta Go Round da Enyimba da Lobi Stars, ya zo Katsina United. A 2022, shekarar da kulob ɗin ya faɗo daga rukunin manya, ya tafi Chippa United, watau ya bi hanyar Kassaly amma ta baya. Mutane ƙalilan ne suka san sunansa sa'ad da koci José Peseiro ya sa shi a raga a gasar Afirka da aka yi a Kodebuwa. Ranar 7 ga Fabrairu 2024 ya tare fanareti biyu na Afirka ta Kudu, ƙasar da yake cin abinci a cikinta, ya kai Nijeriya wasan ƙarshe. Yana da shekara 27 a ranar.

Wannan shekara 27 ita ce zancena da ku, 'yan aji biyar da aji shida. Na san akwai a cikinku masu ganin zaman aji yana ɓata musu lokaci, wai ƙwallo ba ta jiran mai jarrabawa. Ko da maganar tana da ƙamshin gaskiya ga ɗan gaba mai dogara da gudu, ba ta shafi gola ba ko kaɗan. Gola a hankali yake nuna, kamar dawa, ba kamar gero ba. Kassaly yana da shekara 28 ya fara ganin gasar Afirka. Dino Zoff na Italiya ya ɗaga kofin duniya a 1982 yana da shekara 40. Essam El-Hadary na Masar ya tare fanareti a gasar cin kofin duniya ta 2018 yana da shekara 45. To, ina saurin da zai hana yaro ɗan shekara 17 ya tsaya ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe?

Bugu da ƙari, ɗan ci-rani ya fi mazaunin gida bukatar karatu. Duk kulob ɗin da ya je takarda za a miƙa masa ya sa hannu, wata da Turanci, wata da Faransanci. Wanda ba ya iya karanta kwantiragi ba zai san ko shekara nawa ya sayar ba, ko wa zai biya asibiti in kafaɗa ta goce, ko me zai yi in albashi ya tsaya wata uku, abin da ba baƙo ba ne a kulob-kulob ɗinmu na gida. Darasin Faransancin nan da kuke gudu, da shi ake sayen abinci a Yamai da Garwa. Kuma sana'ar tana da ranar ƙarewa. Ko ka kai shekara 40 a raga, akwai sauran rayuwa mai tsawo a gaba, da mata da 'ya'ya da kuɗin makaranta. Rufai ya buɗe makarantar koyar da ƙwallo a Legas mai suna Staruf. Ba kowa ne yake fita da sunan da zai buɗe irinta ba.

Iyaye kuma, ga naku. Idan wani baƙo ya zo da jaka da katin shaida ya ce zai kai ɗanku gwaji Turai, ku sayar da sa ko ku jinginar da gona ku biya kuɗin biza, ku tambaye shi sunan kulob ɗin da takardar gayyata, ku kawo ta makaranta mu karanta tare. Ku lura cewa mutum ukun nan da na ambata babu wanda ya tashi daga filin unguwa ya dira ƙasar waje. Kowannensu sai da ya tsare raga a gasar ƙasarsa, aka gan shi, tukuna aka neme shi.

Saura mu malamai. Kowa ya san yadda yara suke raba 'yan wasa da la'asar. Manya biyu su yi ta zaɓe, wanda ya saura a ƙarshe, ƙaramin yaro ko mai ciwon ƙafa ko wanda ba ya iya gudu, shi ake ce wa, "Je ka tsare gida." In an ci shi a yi masa ihu ana kiransa kwando. Mu ma muna kallo ba ma cewa komai. Raga faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, ba wurin ajiye rago ba ne. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya bugo masa da ƙafa da gangan, saboda haka dole ya iya ƙafa kamar kowa. Daga 2025 kuma in ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, kwana za a ba abokan hamayya. Ina shakka ko golan makarantarmu na bana ya ji labarin wannan doka.

Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba. Malam mai kula da wasanni ya ware rabin awa sau biyu a mako domin masu tsaron gida su kaɗai, a koya musu faɗuwa ba tare da karya hannu ba, da fitowa kama ƙwallon sama, da yi wa 'yan baya magana. A zuba yashi a bakin ragogin biyu, gama ƙasar wurin da rani ba ta da bambanci da siminti, babu yaron da zai yarda ya yi tsalle a kanta sau biyu. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta taimaka mana da safar hannu ko da biyu ne. Sa'an nan ranar ba da kyaututtuka, in an kira wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar gidaje, a kira golan da aka fi ƙarancin ci, shi ma a miƙa masa nasa littafin a gaban iyaye.