Yaron da Aka Tilasta wa Leƙen Asiri

Wanda ya ɗauki Stormbreaker, littafin da Anthony Horowitz ya fitar a shekarar 2000, da wuya ya ajiye shi bai kai ƙarshe ba. Jarumin littafin, Alex Rider, ɗan shekara 14 ne. An kashe baffansa Ian, sai hukumar leƙen asirin Birtaniya, MI6, ta tura shi ya binciki attajiri Herod Sayle, wanda ke shirin raba wa makarantun ƙasar kwamfutoci kyauta, alhali an ɓoye ƙwayar cutar agana a cikinsu.

Matasa na son gudu da faɗa da na'urorin da aka ɓoye cikin kayan wasa. Amma abin da ya fi tsaya wa mai karatu a rai shi ne yadda aka ɗauki yaron aiki. Ba da son ransa ba ne. Manyan hukumar sun yi masa barazanar korar Jack Starbright, Ba'amurkiyar da ke kula da shi, daga ƙasar. Maraya ne fa, kuma ana cikin makoki!

A nan Horowitz ya yi abin a yaba, don bai wanke waɗannan manya ba. Fim ɗin da aka yi daga littafin a 2006 kuwa ya karkata ga raha, bai kai littafin armashi ba.